Amaryar da Aka Kai Ba Guɗa

Guɗar farko ba ta dami Ikilima ba. Ta biyu ce ta sa ta miƙe zumbur a ɗakin maƙwabta inda aka ɓoye ta, don a bayan guɗar ta jiyo wata ƙara wadda ko a tsakiyar kasuwar Shuwarin ta ji ta sai ta gane mai ita.

"Mu'mina..."

Ƙawarta ta riƙo mata mayafi tana magiya ta rufa wa kanta asiri, ina aka taɓa ganin amarya ta faɗo tsakiyar dangin miji ranar kawo lefe? Ikilima ta sakar mata mayafin a hannu, ta fice ko takalmi babu.

Tsakar gidansu cike yake da matan Ringim, akwatuna a buɗe a kan tabarmi, atamfa da leshi sai ƙamshin sabunta suke. Gwaggo Hajja, ƙanwar mahaifin ango Abdulbaƙi, tana tsaye daf da tagar ɗakin ajiya, ta matse hanci da yatsu biyu tana shirin rangaɗa ta uku. Ƙofar ɗakin kuwa an datse ta da kwaɗo, daga ciki ana jin wani abu yana bugun bango, dum, dum, dum.

"Wa ya kulle ta?" in ji Ikilima.

Inna Hassana, ƙanwar marigayiya mahaifiyarta, ta sunkuyar da kai ta kwance makulli daga haɓar zaninta. Ita a ganinta gata ta yi wa Ikilima, a ɓoye yarinyar har baƙi su tafi.

Mu'minatu, ƙanwar Ikilima, tana durƙushe tsakanin buhunan gero, 'yar shekara goma sha shida, ta toshe kunnuwanta da tafin hannu tana gwara goshinta da bango. Goshin har ya tasa. Ikilima ba ta rungume ta ba, ta san runguma a irin wannan lokaci ƙarin azaba ce. Sai ta sa tafin hannunta tsakanin goshin da bangon, ta zauna a gefenta tana yi mata ɗan gunjin nan ƙasa-ƙasa da uwarsu ta saba yi mata, har jikin yarinyar ya fara saki.

A waje kuwa bakuna sun buɗe. Wata ta ce aljanu ne, daga jin ƙarar nan namiji ne a kanta. Wata ta ce a'a, 'yar ruwa ce, irin waɗanda ake musanyawa tun suna cikin zanin goyo. Har da mai raɗa cewa uban ne ya ba da hankalin 'yarsa don ya yi kuɗi. Uban nan fa Malam Sale ne, direban ma'aikatar ayyuka, wanda kekensa ko birkin kirki ba shi da shi.

Da Mu'minatu ta natsu ta fito, ba ta kalli kowa ba. Idonta ya sauka a kan takalman baƙi da aka watsar a bakin tabarma, wani a kife wani a karkace. Ita kuwa duk duniya babu abin da ke tsaya mata a rai kamar takalmi a hargitse. Ta tsuguna ta fara haɗa su ƙafa da ƙafa tana jerawa.

Wata mata ta daka tsalle ta fizge nata tana tofe shi da addu'a.

Gwaggo Hajja ta rufe akwatin farko da hannunta, ta kalli Ikilima sama da ƙasa.

"Mu lefe muka kawo, ba mu zo haɗa iri da masu taɓin hankali ba. Ku ɗauko kayan nan."

Haka aka kwashe lefen aka mayar cikin bas, yaran unguwar Yalwawa na kallo.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Tsakar gidan nan da faɗinsa, me ya kai Gwaggo Hajja jikin tagar ɗakin ajiya? 'Yarta Bilki tare suka yi makaranta da Ikilima, ta sha zuwa gidan, ta kuma san ko faɗuwar murfin tukunya firgita Mu'minatu take. Gwaggo kuwa tun Bilki na goye take cewa matar Abdulbaƙi ce. Wannan Ikilima ta gane shi tun kafin ƙurar bas ɗin ta lafa, amma ba shi ne ya fi ƙona mata rai ba.

Abin da ya ƙona mata rai shi ne mamakin da ta gani a fuskar matan. Ashe ba su sani ba. Ashe Abdulbaƙi bai faɗa a gida ba.

Shi da ya shekara yana zuwa zance zauren nan! Tun ranar farko ta gaya masa komai. Ta gaya masa yadda ta tara albashinta na koyarwa ta kai yarinyar wajen likita a Kano, likitan ya ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Ya ce Turawa na kiransa otizim, halitta ce, kunnenta na jin ƙara ninkin yadda namu ke ji, magana na yi mata nauyi, amma tana fahimta, tana so, tana kuma jin zafin wulaƙanci kamar kowa. Ta gaya masa ta yi wa mahaifiyarta alkawari a gadon asibiti duk inda ta sa ƙafa da Mu'mina za ta. Ya ce ya ji ya gani. Har ya koyi kashe babur ɗinsa tun daga bakin layi ya turo shi da hannu. Watanni Mu'minatu na kewaye takalminsa kamar ba ta gan shi ba, sai wata Juma'a ta ɗauka ta jera shi kusa da na Baba. Ranar Ikilima ta san ta samu miji.

Washegarin mayar da lefe Abdulbaƙi ya zo da yamma, ya tashi daga sakatariya ko gida bai biya ba.

"Kilima, abar ƙaunata, ki saurare ni..."

"Ka faɗa wa Hajiya ko ba ka faɗa ba?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, wai jira yake a ɗaura aure tukuna, wai Hajiya, mahaifiyarsa, tana da wani irin tsoro game da irin waɗannan yara wanda shi ma bai san tushensa ba. Ikilima ta tuna masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ya kawo abin da ya zo da shi: Hajiya ta sauko, ta ce a kai yarinyar Ringim wajen wani mai ruƙiyya da ta yarda da shi. In aljani ne a fitar, in babu komai ta gani da idonta, lefe ya dawo.

"Karatun Alƙur'ani ne fa kawai, masoyiyata. Me zai cutar da ita?"

Gaskiya ne, Alƙur'ani waraka ne, wannan babu mai musu. Mu'minatu ma babu abin da take so kamar ta zauna bayan Baba da asuba yana tilawa a hankali, tana ɗan rangaji. Amma shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, masu ruƙiyya suka yi yawa, na Allah da na neman abinci, duk wanda ya mallaki lasifika da kwalbar man habbatus sauda ya zama malam. Ikilima ta ƙi. Baba ne ya kira ta, dattijon da tun ranar lefe bai iya zama a majalisar ƙofar masallaci ba, ya ce ta yi masa wannan ɗaya ko ya samu ya ɗaga kai a unguwa. Ta kalli furfurarsa, ta amince, bisa sharaɗin tana kusa da ƙanwarta kuma ba mai taɓa ta. Abdulbaƙi ya rantse mata a kan haka.

Ranar Asabar da hantsi suka isa. Gidan yana bayan tashar mota, tsakar gida cike da mata masu jiran layi. Hajiya Khadijatu, mahaifiyar Abdulbaƙi, ta riga su zuwa, tana zaune a kan kujera da carbi a hannu, Gwaggo Hajja a gefenta. Ikilima ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su. Hajiya ta amsa a taƙaice, idonta na kan Mu'minatu wadda ke tsaye tana karkaɗa yatsunta a gefen fuskarta, yadda take yi in wuri ya baƙunce ta. Carbin Hajiya ya tsaya cak.

Malamin ya ce 'yar'uwar mara lafiya ba ta shiga, wai aljani yakan yi tsalle ya koma kan na jini. Ikilima ta juya ta kalli Abdulbaƙi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai shi yana ciki, ga Hajiya ma. Aka rufe ƙofa.

Da farko hayaƙi ne ya fara fitowa ta ƙasan ƙofar. Sai lasifika ta ɗauka, aka kafa ta a kunnen yarinyar da ko guɗa ba ta iya jurewa. Mu'minatu ta ƙwalla ƙara. Malamin ya ɗaga murya yana cewa ga shi nan ya bayyana, ya faɗi sunansa, daga wane dutse ya fito? Yarinyar da ko sunanta ba ta cika furtawa ba, ina za ta samo sunan aljani? Da ta kasa amsawa sai ya ce taurin kai ne.

Sai Ikilima ta ji saukar tsumagiya.

Ba ta san lokacin da ta bangaje ƙofar ba. Mata biyu sun danne Mu'minatu a ƙasa, ta ciji hannunta har jini na bin gwiwar hannun, malamin ya ɗaga bulalar karo na biyu. Ikilima ta faɗa a kan ƙanwarta, dukan ya sauka a gadon bayanta. Sai a lokacin Abdulbaƙi ya farka daga tsayuwar da ya yi kamar an dasa shi, ya riƙe hannun malamin ya ƙwace bulalar ya karya.

Malamin yana huci yana cewa ba yarinyar yake duka ba, aljanin yake duka.

"To jinin wa ke zuba?" in ji Ikilima. "Na aljanin?"

Ta yage gefen mayafinta ta ɗaure hannun, ta tashi ƙanwarta. A bakin ƙofa Abdulbaƙi ya sha gabanta, idonsa ya kaɗa.

"Kilima, wallahi ban san zai..."

"Kana tsaye aka yi na farko." Ta faɗa a hankali, don kada ta ƙara firgita yarinyar. "Kai ka san ta. Kai ta jera wa takalmi. Su jahilci ne ya sa su, kai kuwa kunyar mutane ce ta sa ka. Ka riƙe lefenka, Abdulbaƙi. Hannuna ba zai ruɓe in yanke in yar ba, balle ma bai ruɓe ba."

Suka hau motar haya suka koma Dutse. Mu'minatu ta yi kwanaki ba ta cin abinci sai an bar mata a bakin ƙofa. Ko Baba ya buɗe Alƙur'ani da asuba sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin gado. Wannan shi ne abin da Ikilima ta kasa yafewa, an raba yarinya da abin da ta fi so da sunan yi mata magani. Baba ya zauna a kan buzunsa ya yi kuka, ya ce shi ya jawo.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. A makarantar da Ikilima ke koyarwa wata uwa ta zo ta ce a canja wa ɗanta aji. Maƙwabciyar da ke aiko 'ya'yanta ɗiban ruwa ta hana su. Aka ce aljanin ƙanwar ne ya auri yayar, shi ya sa aurenta ya watse. Bilki ma har ta fara zuwa Ringim taya Hajiya aikin gida, ita da a gidan uwarta ko tsintsiya ba ta ɗagawa.

Juma'ar da ta zagayo Abdulbaƙi ya turo babur ɗinsa tun daga bakin layi, ya yi sallama. Ikilima ta fito iya ƙofar zaure.

"Ba ni ka yi wa laifi ba," ta ce. "Wadda ka yi wa tana ciki. Ranar da ta yafe maka, ka nemi ni."

Ta yi zaton ta sallame shi ke nan. Ashe ya ɗauki maganar da gaske. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya zo, ya tuɓe takalminsa a bakin zaure, ya zauna shiru. Ba ya aikawa a kira kowa. Samarin unguwa suka mai da shi abin dariya, ma'aikacin gwamnati guda yana zaman jiran mahaukaciya. Wani ya faɗa a gabansa, Abdulbaƙi ya tashi ya same shi har inda yake zaune, ya ce sunanta Mu'minatu, kuma ta fi shi sanin wanda ya cuce ta. A Ringim ma ya shaida wa Hajiya, cikin ladabi, cewa ba zai saɓa mata ya auri wadda ba ta so ba, amma Bilki ƙanwa ce, ƙanwa kuma za ta zauna.

Ikilima tana jin duk wannan ta bakin mutane. Tana son sa, ƙarya ne ta ce ba ta so. Ranar Juma'a girkinta ba ya daɗi, ko gishiri ya yi yawa ko ta manta shi. Amma duk sanda zuciyarta ta yi laushi sai ta kalli tabon haƙori a hannun ƙanwarta. Mu'minatu kuwa in ta hango shi sai ta juya da gudu. Sai dai kullum in ta jera takalman gidan, takan bar ɗan fili kusa da na Baba, ba ta sa komai a wurin.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata Juma'a sai ga Abdulbaƙi ya zo ba a kan babur ba, a motar haya, ya buɗe wa Hajiya Khadijatu ƙofa. Uwar miji da ƙafarta a gidan yarinyar da ɗanta ke nema, wannan ko a mafarki Inna Hassana ba ta taɓa gani ba. Ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma.

Hajiya ta ce ba wajen kowa ta zo ba sai wajen yarinyar. Ta zauna nesa kaɗan da inda Mu'minatu ke zaune tana karkaɗa yatsu, ta daɗe tana kallonta.

"Haka yake yi," ta ce. "Daidai haka."

Ta ce tana da ƙane, Nata'ala, ita ke goyonsa. Bai yi magana ba, ba ya kallon mutane, aka ce ɗan ruwa ne. Wata safiya tsofaffi suka ɗauke shi zuwa bakin kogi, suka dawo babu shi. Aka ce mata sun ajiye shi sun ɓuya, sun ga ya rikiɗe ya zama maciji ya shige ruwa wurin danginsa.

"Na yarda, 'yar nan. Na girma na yi aure na haihu ina yarda. Sai ranar da na ga jinin ƙanwarki a ƙasa, ja kamar nawa." Hawaye suka gangaro mata. "Wane maciji? Yaro ne. Ƙanena ne aka bari a bakin ruwa shi kaɗai, ga shi yana tsoron ƙarar ruwa."

Ikilima ta fito ne da niyyar ko uwar wa ce sai ta gaya mata gaskiya, sai ta tsinci kanta tana miƙa mata gefen mayafi ta share ido.

Mu'minatu ta tashi, ba ta kalli kowa ba. Takalman Hajiya ne suka dame ta, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ta gyara su. Daga nan ta nufi zaure, Ikilima ta bi ta da sanɗa. Abdulbaƙi yana zaune a inda ya saba, ya sunkuyar da kai bai motsa ba. Yarinyar ta tsaya a kan takalminsa ta daɗe, ta juya kamar za ta tafi, ta dawo. Sai ta ɗauka ta kai filin nan da ta daɗe tana bari, ta ajiye kusa da na Baba.

Abdulbaƙi ya rufe fuskarsa da hularsa.

"Yallaɓai," in ji Ikilima, tana dariya tana kuka, "sai ka je ka dawo da akwatunan mutane."

Rana ba ta ƙarya. Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, aka gyara wa Mu'minatu ɗakinta a gidan ango da ke unguwar Takur, can nesa da titi. Amma kafin nan sai an kai amarya Ringim ta gaida uwar miji, kamar yadda aka saba. Ikilima ta ce ƙafarta ƙafar ƙanwarta. Inna Hassana ta buɗe baki za ta kawo shawarar a bar yarinyar a gida, ta tuna kwaɗon nan na ranar lefe, ta fasa.

Da la'asar motoci suka tsaya a ƙofar gidan. Dangi sun cika tsakar gida maƙil. Aka shigo da amarya lulluɓe, hannunta ɗaya riƙe da gefen zanin Mu'minatu. Ta cikin mayafi Ikilima ta hango Gwaggo Hajja ta matso gaba, ta gyara tsayuwa, ta kai yatsu biyu hanci.

Hajiya Khadijatu, wadda al'ada ta ce ta zauna a ɗaki a kawo mata amarya, ta riga ta fito. Ta kama wuyan hannun ƙanwar mijinta ta sauke shi ƙasa.

"Hajja, yau ba a guɗa a gidan nan."

"Haba Yaya, auren ɗan fari guda? Sai ka ce gidan makoki? Me mutane za su ce?"

"Su ce. Na taɓa jin abin da mutane suka ce, na san inda ya kai ni."

Haka aka shiga da amarya shiru, ba a jin komai sai addu'ar tsofaffi ƙasa-ƙasa. Washegari labari ya zaga Ringim har Dutse. Wasu suka ce shari'a ce ta hana, wasu suka ce uwar miji ba ta son auren, wasu suka ce tsoron aljanin ake yi. Ikilima ta ji duka. Ita dai ta san da ta ɗaga mayafinta a ɗakin Hajiya, ta hangi ƙanwarta a bakin ƙofa, hannayenta ba sa kan kunnuwanta, tana tsugune tana jera takalman dangin miji ɗaya bayan ɗaya. Na Gwaggo Hajja ma ta jera, kuma babu wadda ta fizge nata.